Littafin wasa na felt: me ya sa yaro ke ɓare shi, kuma yaya ake ɗinka mai ƙarko?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni maɗinkiya ce a Aboabo, nan Kumasi. Na ga irin littattafan nan na yadin felt a Facebook, waɗanda yaro ke zuge zif, ya ɓalle maɓalli, ya manna 'ya'yan itace a jikin bishiya. Na sayo felt da bindigar gam na yi wa ɗana mai shekara 2 shafi uku. Mako bai zagayo ba ya ɓare rabin kayan, har sai da na ciro dutsen ado daga bakinsa. Shafukan ma sun yi gashi-gashi, sun karkace. Yayarsa mai shekara 4 kuwa sau ɗaya ta duba ta ajiye. Ina matsalar take? Wane felt zan saya, kuma wane shafi ya dace da wace shekara? Ina kuma tunanin in riƙa yi ina sayarwa.

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya tsare gaba, ya raya miki su.

Kafin komai, ɗauke shafukan nan uku daga inda hannunsa zai kai, yau ɗin nan. Yaron da bai cika shekara 3 ba da baki yake binciken duniya, kuma maƙogwaronsa siriri ne. Shi ya sa masu dokar kayan wasa a Amurka da Turai suke da wani ɗan bututu na gwaji mai faɗin baki milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda a sa shi a kayan wasan ɗan ƙasa da shekara 3 ba, ko da kuwa manne yake, muddin zai iya cirewa. Ba sai kin nemo wannan bututu ba. Kwalin da ke tsakiyar takardar bayi ya ɗan fi shi faɗi, saboda haka gwaji da shi ya fi tsauri, hakan ma ya fi. Abin da ya zurma ta cikinsa, kada ya shiga littafin ɗanki a sake. Wannan ya kori duwatsun ado, da ƙyalƙyali, da idanun roban nan masu juyawa, da ƙananan aninai. Ido kuwa da baƙin zare ake yin sa.

Sai gam, wanda shi ne asalin ɓarnar. Felt ba saƙa ba ne. Babu zaren tsaye babu na kwance. Gashi ne aka cakuɗa aka danne har ya kama juna. Idan kika ɗiga masa gam, gashin sama kawai yake riƙewa. Yaro ya sa farce ya ja, gam ɗin ya taso da 'yan gashin da ya kama, sauran yadin yana nan zaune. Ga kuma zafinmu: gam ɗin bindiga da zafi ake narka shi, littafin da ya wuni a ɗakin kwano ko ya sha rana a cikin mota riƙonsa raguwa yake. Masu bidiyo suna son gam ne don yana da sauri, kuma abin da suke yi na kallo ne, ba a nuna miki shi bayan yaro ya yi wata guda yana murza shi. Ke da Allah ya ba keke da sanin hannu, kin fi su makami. Duk abin da zai zauna a shafi, a ɗinke shi. In kina son abin da zai riƙe miki yankin kafin allura ta hau, sa fil, ko ki ɗan yi dajiya da zare. Gam ko kaɗan ne yana danƙare wa allura, zare ya riƙa tsinkewa.

Game da yadin kansa, kin san shi tun tuni ko ba ki lura ba: jar darar da sarakunan zango da dattawa ke sawa felt ce, ta ulu. Na ulu ya fi kowanne laushi da kyan yanka, bakinsa yana fita tsaf, amma yana da tsada, ruwan zafi yana tsuke shi, asu kuma yana cin sa. Wanda ya fi yawa a kasuwa na roba ne, foliyesta ko akirilik, ana sayar da shi falle-falle kusan girman takardar A4, wani lokaci kuma a yadi. Shi ba laifi, asu ba ya taɓa shi, yana jure wanki. Matsalar ita ce a cikinsa akwai na kirki akwai na banza, kuma ido kaɗai ba ya rarrabewa. Idan kin shiga Kejetiya wajen masu kayan teloli, ko shagunan kayan rubutu da zane a Adum, ɗaga fallen ki duba shi a haske. In kina hango haske ta wasu wurare, wani gefe kauri wani sirara, ajiye. Ja kusurwarsa da yatsu biyu. In ya miƙe bai koma ba, shi ne irin wanda ya karkace miki. Goga shi da ɗan yatsa da ƙarfi. In nan take ya fara tashin gashi, haka zai yi a hannun yaro. In kin kai gida, jiƙa farin ƙyalle ki murza a kan ja da baƙi da shuɗi. Launin da ya fita a ƙyalle zai fita a bakin yaro. In wani ya ce miki nasa ulu ne zalla ya tsuga kuɗi, yanki ɗan ƙarami ki ƙona: ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya bar toka mai rugujewa, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma mai tsadar ma sai an gwada.

Kauri biyu za ki nema. Mai milimita 1 na adon da za a ɗinke a jikin shafi. Mai milimita 2 zuwa 3, mai ɗan tauri, na abubuwan da yaro zai cire ya mayar. In mai kaurin bai samu ba, haɗa falle biyu na siririn ki bi bakinsu da ɗinki. Ni ma na fi son haka, don ɗinkin yana hana shi miƙewa.

Shawarar da wasu ke mamaki in na bayar ita ce, kada ki yi gindin shafin da felt ko kaɗan. Yi shi da auduga: akoko, ko ragowar atamfar da ke tule a ƙarƙashin teburinki, ki goga masa sitif ɗin da kike sa wa wuyan riga. Auduga ba ta gashi, ba ta miƙewa, ba ta kwasar ƙurar hunturu kamar felt, kuma kin rage kuɗi. Sai dai ki zaɓi mai launi ɗaya ko mai ƙananan zane, don atamfa mai hayaniya tana haɗiye abin da kike son yaro ya gani. Mai manyan furanni a bar ta ga bango. Yanka murabba'i santimita 22, in an cire na ɗinki ya tsaya a 20. Bar santimita 3 a gefen hagu babu komai, nan ne ramuka za su shiga. Gama duk aikin fuskar shafi tukuna, sannan ki haɗa shafi biyu baya da baya, ki kewaye da bayas, duk ƙulle-ƙullen zare sun ɓuya a ciki inda farce ba ya kaiwa. Ramuka uku sun isa. Masu takalma sun cika garin nan, kowannensu yana da abin huda da idon ƙarfe, sai dai ki duba ya danne bayan da kyau babu kaifi. Ga ɗan shekara 2 na fi natsuwa da ramin maɓalli da kika yi da keke, a zura kirtani a ɗaure gajere. Amfanin littafin da ake kwancewa shi ne kina iya cire shafi ɗaya ki wanke, ki ba kowane yaro nasa, ki ƙara sabo idan ya girma.

Yanzu ga inda na fi son ki tsaya ki yi tunani, wato abin da ke kan shafin. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa an cika su da kaya: ga rana, ga gajimare, ga gida, ga kaza, ga zif, ga ƙidaya, duk a fage guda. Babba ne ke jin daɗin wannan. Yaro ƙarami in ya rasa abin da ake so ya yi, sai ya ƙirƙiro nasa aikin, kuma aikin da ya fi sauƙi shi ne ɓarewa. Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, tana da wasu firam na katako da aka ɗaura wa yadi: wannan maɓalli ne kawai, wancan ɗaurin igiya ne kawai. Ba a haɗa biyu. Yaro ya yi, ya kwance, ya sake yi, har hannu ya gane. Littafinki ma haka: kowane shafi aiki ɗaya, kuma aikin ya zama wanda yake gab da iyawa, ba wanda ya riga ya ƙware ba, ba kuma wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba.

Ɗan shekara 2 ya daɗe da iya tsinkar abu da babban yatsa da manuni, wannan tun wajen wata 9 zuwa 12 yake farawa. Abin da yake nema yanzu shi ne ja, da buɗewa, da sakawa a ciki, da fitarwa. Yi masa ƙofar da ake ɗagawa a ga kyanwa a baya. Yi masa babban zif na roba a bakin jaka, ki ɗinke ƙarshensa biyu da kyau don kan zif ɗin kada ya fita, ki sa masa ɗan madauki na ƙyalle da zai kama. Yi masa kwandon kasuwa mai aljihu, da tumatir, da ayaba, da kifi, kowanne ya kai tafin hannunsa girma. Launi uku sun ishe shi: kwano ja, kwano rawaya, kwano kore, da abin da zai jefa a kowanne. Tunda ja yake so, ba shi abin ja na halal: ɗan kirtani mai faɗi da ya ratsa ta rami biyu, an ɗinke wa kowane ƙarshe babban faifan felt, ya ja nan ya gajarce can. Za ki sha mamakin daɗewar da zai yi a kan wannan abu maras ado. Maɓalli bai kai ba tukuna. Yawancin yara sai wajen shekara 3 suke fara sa babba a rami, ɗaure igiyar takalmi kuwa sai 5 zuwa 6. Ba a tsere a wannan, wani ya riga wani.

Ita kuwa yayar, ba rashin so ba ne, aikin ne ya yi mata kaɗan. A shekara 4 take shiga KG1, ajin farko kafin firamare, kuma manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta fitar a 2019 ta ɗora karatun wannan mataki a kan wasa, saboda haka abin da za ki ɗinka mata yana tafiya da abin da ake yi a aji. Ita labari take so da ƙa'ida. Yi mata trotro, motar haya, mai tagogi biyar da fasinjoji biyar, kowanne da lamba a bayansa, ta zaunar da su bi da bi, ta sauke biyu a Asawase ta faɗi nawa suka rage. Yi mata igiyar shanya da 'yan riguna, ta jera ja, fari, ja, fari, ki tambaye ta me ke biye. Tutar Gana shafi ce mai daɗi: ja a sama, ruwan zinariya a tsakiya, kore a ƙasa, baƙin tauraro ya hau da maɓalli. Ga rigar makaranta mai aninai uku, ga 'yar tsana mai gashin zare da za ta yi wa kitso, ga teburin mai koko da ƙosai a ƙirga wa mai saye. Za ki iya yin gaɓoɓin alwala ta jera su yadda ake bi. Abin da nake roƙo, kada ki kwafo tuffa da ƙanƙara da ɗan beyar daga hoton wata ƙasa. Yaro ya fi yin magana a kan abin da ya sani, kuma maganar ce rabin amfanin littafin. Wasu gidajen ba sa son siffa mai fuska. A bar fuskar fili, wasan bai ragu da komai ba, in na sayarwa ne kuma ki tambaya tun kafin ki yanka.

In za ki yi haruffa, na boko ko na Larabci, fara da na sunanta, ba duka ba. Ki kuma tuna cewa in a bayan felt kike zanawa don kada alƙalami ya fito, sai kin kifa samfurin, in ba haka ba harafin zai fito a juye. Ɓ da ɗ da ƙ ba za ki same su a na kanti ba, wannan kuwa dama ce a gare ki.

Velcro, abin mannawar nan da ake sa wa takalman yara da jakunkuna, yana da fuska biyu, mai kaushi da mai laushi. Mai laushin ake ɗinkewa a shafi, mai kaushin a bayan abin da ake mannawa. In kika juya, duk rufe littafi sai mai kaushin ya cakumi shafin da ke fuskantarsa ya tsefe shi, wataƙila ma yana cikin abin da ya jawo miki gashi-gashin nan. Aljihun ajiyar kayan ki yi shi da auduga saboda wannan dalili. Sayi na ɗinkawa, ba mai gam a baya ba, ki zagaye kusurwoyinsa da almakashi, kuma ɗan yanki ya isa. In ya yi faɗi, ƙarfin yaro ba zai raba shi ba sai yadin ya yage.

Maɓalli a littafin yayar, sa babba, ki ɗinke shi da zaren nailan irin na masu takalma, ki sa wani ƙyalle ta baya don zaren ya sami abin kamawa. Ɗora tsinken ashana a ƙarƙashinsa kina ɗinki, in kin gama ki zare, ki naɗe zaren a gindin. Wannan 'yar wuyan ita ke ba yatsu wurin aiki. Sannan ki gwada. A ƙa'idar Turai ta EN 71 ana jan irin wannan da ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo 9, na daƙiƙa 10. Ledar fiya wata rabin lita ce, wato guda 18 sun ba ki kilo 9. Zuba su a jaka, ɗaura da igiya a gindin maɓallin, ɗaga shafin. In ya saki a hannunki, kin gode wa Allah. Duk da haka, littafin yaya ba na ƙane ba ne, a raba musu wurin ajiya. Na san a gidan haya mai yara goma wannan magana ce mai wuya, shi ya sa in kin san za su haɗu a kansa, ki yi duka a ma'aunin ƙaramin.

Duk igiya ko kirtanin da ke lilo, kada ya wuce santimita 20, kuma kada ya yi zobe da kai zai shiga. Abu biyu kuwa ko an roƙe ki kada ki sa: maganaɗisu, da batirin nan mai kama da anini da ake sa wa abin kiɗa ko fitila. Maganaɗisu biyu in aka haɗiye suna jan juna ta bangon hanji har su huda shi, batirin kuma yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya yi zargin yaronsa ya haɗiyi ɗaya, asibiti kai tsaye, ba a jiran alama, ba a sa shi amai. Lambar gaggawa 112 ce.

Kada ki miƙa masa littafin ki koma kan keke, musamman a farko. Zauna da shi, ki yi aikin sau ɗaya a hankali yana kallo, ki faɗi sunan abin da Hausa, ki bar shi. In ya sa ayaba a kwanon ja, ƙyale shi. Shafi biyu ko uku a lokaci guda sun isa, sauran a ɓoye, bayan kwana biyu a sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A layin awo, ko wajen wa'azi, ko a motar Tamale, shafi biyu a jaka suna hana a miƙa waya.

Wanki da hannu, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba cuɗawa ba matsewa. Danne shi a cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa inda iska ke kaɗawa har ya bushe ƙarau, don damshin Kumasi ba ya wasa, abin da aka rufe a leda da ɗan laima funfuna zai yi. Guga daga baya, wuta kaɗan, da ƙyalle a sama. Dutsen gawayi yana narka na roba nan take. Kada ki jefa kafur a akwatin da littafin yake. Mun saba sa shi a kayan yara, amma yaran da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, ƙarancin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kafur yana fasa musu jini ya sa su shawara.

Batun sayarwa, akwai kasuwa, amma lissafin ba a felt yake ba, a lokacinki yake. Ɗinka shafi ɗaya kina duba agogo, ki kwatanta da abin da za ki samu in kaba da siket kika ɗinka a wannan lokacin, ki ɗora kuɗin kaya, sannan ki faɗi farashinki a sidi. Da yawa suna sa farashi da kunya, su gaji su daina. Yanka samfurin kowane abu a kwali mai tauri ki adana, ki riƙa yanka goma a zama ɗaya, ki ɗinka duk masu jan zare kafin ki sauya. Sayar da shafi ɗai-ɗai ya fi sauƙi a aljihun iyaye, sukan dawo su ƙara, masu gidajen renon yara kuma sun fi son haka don kowane yaro ya riƙe nasa. Bar zanen 'yan katun na talabijin, suna da masu su. A bangon kowane littafi ki ɗinka ɗan ƙyalle mai ɗauke da shekarun da ya dace da su, da cewa a yi wasa da shi a gaban babba, ki kuma gaya wa mai saye da baki ta riƙa jan maɓallai tana dubawa bayan kowane wanki. Na farkon da za ki sayar, bari ɗanki ya yi wata guda yana dambe da irinsa, ki juya bayan shafin ki ga inda ɗinki ya fara buɗewa, nan za ki ninka zare a na kasuwa.